Ranar da Na Riƙe Igiyar Akuya

Motar fara ce a da, in ji wanda ya sayar da ita. Lokacin da ta zo hannunmu ta riga ta ɗauki launin ƙasar Dakoro, kuma ƙofar baya ba ta rufuwa sai an sa mata kafaɗa. Maigidana ya saye ta shekara biyu bayan ya ajiye aiki a sarwis ɗin dabbobi, inda ya shekara talatin yana bin rugage da allura. Waɗannan shekaru biyu da ya yi zaune a gida ba na son tuna su. Mutumin da ya saba da daji ya koma yana ƙirga mani kaji, yana tambayata don me na ɗora tukunya can ba nan ba. Ya rame, ya daina dariya, ko masallaci jan ƙafa yake yi. Ranar da ya tsaya da motar nan a ƙofar gida tana tari tana hayaƙi, maƙwabta dariya suka yi, ni kuwa hamdala na yi.

Ya cire kujerun baya. Kafinta ya kafa mashi gadon katako a gefe guda, da akwatuna a ƙarƙashi, ɗaya gefen kuma kantar magungunan dabbobi. A bisa ya ɗaura fano mai jan hasken rana, saboda ɗan firigon da yake ajiye allurai. Sai ya koma ga abin da ya iya. Ya fita kwana goma, sha biyu, ya zaga kasuwanni da rijiyoyi, Sabon Maci, Rumbu, har Tagris, ya duba dabbobi, ya kwana cikin motarshi. Ya dawo baƙi ƙirin yana warin bunsuru, amma bakinshi a buɗe da dariya.

Ana haka ƙafa ta tashi. Babban yatsan ƙafar dama ne yake kumbura ya yi ja, ko bakin zane ya taɓa shi sai Malam ya yi ƙara. Na farko a gida ya kama shi. Na biyu a kasuwar Sabon Maci, sai da aka nemo wani direba ya maido shi. Ɗanmu na fari, wanda ke aiki a Maraɗi, ya zo ya ɗauke mu zuwa asibiti. Likita ya auna jini ya ce ciwon gaɓɓai ne irin wanda nama ke tayarwa. Ya ba da ƙwayoyi, ya ce a yawaita shan ruwa, sannan ya fara lissafo abin da aka hana: jan nama, hanta, ƙoda, kayan ciki, romo, har sardin na gwangwani.

Malam ya ce, "To, likita, me ya rage?"

"Wake, gero, ganye, nono."

Malam ya dube shi kamar an yi mashi ta'aziyya.

A hanyar komawa ɗan nawa ya yi magana. Ɗan fari ne, ba na faɗin sunanshi, kuma tun yana ƙarami ba mai yawan surutu ba ne. In ya faɗi abu sau ɗaya, ya faɗa ke nan. Ya ce, "Baba, ƙafar dama ce, ita ke taka furen in za a tsaida mota. In ta sake kumbura kana daji, motar nan za a sayar da ita. Ga Inna shaida." Malam ya ce ya ji.

Ni na san abin da na aura. Mutum ne da in ƙamshin tsire ya bugi hancinshi, ƙafafunshi da kansu suke juyawa. In na bar shi ya fita shi kaɗai, wata guda ya yi yawa motar za ta tafi, in koma zama da mai ƙirga kaji har mutuwa ta raba. Autarmu ta yi aure, ƙanwata na cikin gidan, babu abin da ya ɗaure ni. Na ce mashi da ni za a tafi.

"Ke? A daji?"

"Ni. A daji. Matsa mani akwatin nan."

Tafiyar farko shirin biki na yi. Ɗanyen tumatir, kabeji, tattasai, salak, har da ayaba. Kwana biyu cikin zafin mota duk suka narke, ruwansu ya bi ƙarƙashin gado, muka yi sati muna kwana cikin tsami. Wake kuwa, da na ɗora shi, ya sha rabin bidon ruwa ya kusa cinye mani gaz bai nuna ba. Malam yana zaune bakin ƙofa yana kallo, yana cewa, "Sannu da aiki, uwar daji." Na ce Allah ya kai mu tafiya ta biyu.

Kafin ta biyu na mayar da tsakar gidana wurin shanya. Tumatir na yanka na busar ya zama kauɗa. Zogala, yakuwa, kuɓewa, duk na shanya na ƙulle. Na daka ƙuli ya zama gari, na haɗa yaji, na sa daddawa a gwangwani mai marfi. Albasa na zuba a buhun raga na rataye kusa da taga don ta sha iska. Man gyaɗa a kwalba, na naɗe ta da tsumma saboda gargada. Rabin waken na kai aka niƙa, na haɗa shi da garin rogo da kuka, don ɗanwake ba ya ɓata lokaci, ruwa na tafasa ka jefa, kafin a idar da salla ya taso. In mun gaji, garin rogo da ƙuli da albasa da ɗan mai. In mun samu inuwa mai kyau, kwaɗon zogala.

Dabarar da na fi alfahari da ita kuwa tsintarta na yi. Injin motar nan a ƙarƙashin wurin zama yake, tsakanina da Malam, kuma marfinshi zafi yake ɗauka sosai. Wata rana na manta butata a kai, da na zo alwala sai na ji ruwan ya kusa ƙona ni. Tun daga ranar, da safe sai in zuba wake da ruwa da ɗan kanwa a tukunya mai marfi, in ɗaure ta da roba, in naɗe da tsohon zane, in dafe ta a kan injin. Mu yi ta tafiya, tukunya na shan zafi. Kafin azahar waken ya yi laushi, tafasa ɗaya yake jira in zuba shinkafa. Malam ya ce tunda aka ƙera mota ba a taɓa wulaƙanta inji irin haka ba, amma ya fi ni cika faranti.

Ƙorafi dai bai fasa ba. In na ajiye mashi kwaɗo sai ya ce, "Wai ni akuya ce?" In ce, "Akuya ba ta kwana tana ihu da yatsa." Shi ya sa mani suna Jandarma, don ban taɓa barin shi ya shiga kasuwa da yunwa ba, kuma in ya dawo sai na sansana yatsunshi. Sau ɗaya na kama kilishi a cikin kwalin maganin tsutsar ciki na tumaki. Kai, ranar ya rantse har ya gaji wai wani ne ya ba shi ajiya. Na raba wa matan da ke ɗiban ruwa a rijiya, yana kallo. Wata huɗu muka yi haka, ƙafa lafiya lau. Ni ma, ban ɓoye ba, daji ya shiga raina. Na shekara talatin ina jin sunayen garuruwa a bakin Malam, sai ga ni ina shanya zanena a kan ƙayoyinsu.

Da kaka ta yi muka nufi Tagris, inda ban taɓa zuwa ba. Can akwai wani Arɗo, shugaban wata ruga, aminin Malam tun wata shekara da ciwo ya shiga shanu, Malam ya yi wata guda a wurinshi bai dawo gida ba. Saura kaɗan mu isa, Malam ya tsaida mota ƙarƙashin wata aduwa ya kashe inji. Bai ce mani Jandarma ba, nan na san magana ce.

Ya ce, "Ina roƙonki abu ɗaya. Kada ki faɗa masu ba ni da lafiya."

Na ce, "Za su yanka fa."

"Za su yanka. Zan ɗan taɓa kawai. Ba a mayar wa mutum irin wannan da akushi, kamar ka ce hannunshi ba shi da tsarki ne. Kuma in suka ji ina ciwo, sannu za su fara yi mani kamar tsoho. Saniya ta kwanta ba za su aiko ba, don kada su wahalar da ni. Ki yi mani alkawari."

Na dube shi, na ga yadda yake murza sitiyari da hannu biyu, na ji tausayi. Na yi alkawari. Wautata ke nan, kuma ba wanda ya tilasta mani.

Da hantsi muka isa. Wallahi kafin inji ya gama mutuwa an riga an kada ɗan rago. Mata suka ja ni ɓangarensu, wurin matar Arɗo, wata doguwar tsohuwa siririya mai ƴan haƙora, wadda ke jin Hausa sarai amma sai ta ga dama take yi. Daga inda nake zaune ina hangen maza. Na ga an kawo tire. Na ga Arɗo da hannunshi yana tsamo hanta da ƙoda yana turawa gaban Malam, don su ne rabon babban baƙo. Na ga abin da Malam yake kira taɓawa. Ci ya yi kamar wanda aka sako daga kaso. Ni ma an ba ni nawa, na yi ta taunawa kamar tsumma, ina murmushi ina cewa madalla.

Ranar ya yi wa dabbobi allura har la'asar. Washegari aka ɗumama sauran naman, ya ƙara ci. Rana ta uku muka wayi gari ba ya iya taka ƙasa. Yana zaune bakin ƙofar mota, gumi na zuba, yatsan ya yi ja ya cika kamar albasa. Na ba shi ƙwaya, na ajiye mashi ruwa, ban ce uffan ba. Wanda ya san ni ya san shiruna ya fi faɗana muni.

Arɗo ya zo ya tsuguna ya dubi ƙafar, hankalinshi ya tashi. Shi da ya san Malam da suna Mai Allura, ya ce, "Mai Allura, gajiya ce ta sauka a ƙafar. Ka tsufa kana bin daji ba ka cin abin kirki, dubi yadda ka bushe. Romo za a yi maka, mai zafi, ka sha safe da yamma." Ya juya ya yi magana da Fillanci. Ragunansu an kai kasuwa tun Layya, wanda ya rage shi muka ci. Sai ga wani magidanci ya jawo ƴar akuya ja, budurwa, ko haihuwar fari ba ta yi ba. Ni matar mai aikin dabbobi ce, na san makiyayi ba ya yanka irin wannan. Garken gobe ne Arɗo zai sa wa wuƙa saboda amininshi.

Na dubi Malam. Shi kuwa ƙasa yake kallo. Na jira ya buɗe baki, na ga ba zai buɗe ba. Zai karɓi romon nan ya sha safe da yamma, ya ce Allah ya saka, ƙafar ta ƙara cika, ya rasa motar, ya yarda da duk wannan da dai ya ce wa Arɗo a'a.

Ban san lokacin da na tsallaka filin ba. Na dai san gyalena ya faɗi a hanya ban tsaya ɗauka ba. Sai ga ni tsakiyar maza, igiyar akuya a hannuna, mai wuƙa ya ja da baya yana salati.

Na ce, "Arɗo, don Allah kada a yanka. Naman ne ciwon."

Da na fara kuwa ban iya tsayawa ba. Na faɗi likitan Maraɗi, na faɗi hanta da ƙoda, na faɗi wata huɗun wake, na faɗi abin da ɗanmu ya ce game da mota. Kuma ba a hankali na faɗa ba, muryata ta rijiya ce, har matan da ke tatsa sai da suka miƙe.

Arɗo bai dube ni ba. Ya dubi Malam ya ce,

"Gaskiya ne?"

"Gaskiya ne."

"Da hannuna na ba ka hantar nan."

Arɗo ya ɗauki sandarshi ya nufi wurin shanu, sauran maza suka watse ɗaya bayan ɗaya. Aka bar ni tsaye da igiya, akuyar tana taunar bakin zanena.

Da na koma mota Malam ya ce, "Kin kunyata ni gaban mutane. Kin yi alkawari." Ya juya fuska ga kantar magani. Na ce mashi ya ji kunyar da ƙafafunshi biyu, na fita. Na zaga bayan mota na yi kuka, rabi haushi, rabi tsoro, don na san na karya alkawari, na ɓata abotar shekara talatin, kuma duk da haka ƙafar ta riga ta kumbura, motar ba ta tsira ba.

Da na share hawaye na fiddo gaz ɗina zan dafa mashi ɗanwake. Ina kunnawa sai wani siririn hannu ya zo ta bayana ya murɗe shi. Matar Arɗo ce. Ta ce, "Baƙo ba ya hura wuta a gidana. Yau kin yi ɗaya, kada ki ƙara ta biyu." Na ce shi ke nan, ita ma ta zo da nata faɗan. Sai na ga kafaɗunta suna rawa. Dariya take yi, har da riƙe ciki.

Ta ce, "Ke ƴar birni! Wai ke nan kina tsammani nama muke ci? Dubi dabbobin nan duka. Daga suna sai Layya, sai kuma in mijinki ya zo. Da kin raɗa mani a kunne tun shekaranjiya, da ragona na nan yana kiwo."

Kunya ta rufe ni. Shekara talatin Malam yana dawowa daga rugage da labarin nama, ni kuma na ɗauka can kullum tukunya da ƙashi take kwana. Ashe mutanen da na zo ina tsoron akushinsu sun fi ni sanin yadda ake rayuwa ba nama, nesa ba kusa ba.

Kwana huɗu muka ƙara a rugar, kuma tsohuwar nan ita ta ciyar da Malam. Da safe kindirmo, da rana fura da nonon da aka kaɗa aka cire mai. Ta kai ni muka tsinko ganyen jiga, ta nuna mani yadda ake dafa shi a zubar da ruwan fari saboda ɗaci, na kawo garin ƙulina muka kwaɗa. Ta nuna mani cuku, wanda suke yi da madara su shanya a kan tabarmar kara har ya bushe fale-fale, ya yi watanni bai lalace ba. Ta ce in daka shi da gero da dabino in dunƙule, duk inda muka tsaya in gutsura in dama da ruwa, ba wuta ba tukunya. Ni kuma na koya mata ɗanwake, na nuna mata tukunyata ta kan inji. Ta taɓa marfin injin, ta jinjina kai, ta ce su dai jaki gare su, kuma bayanshi ba ya dafa wake. Har yau in na tuna matar nan sai na yi mata addu'a. Ta ɗauke ni a ranar da ba ni da inda zan sa fuskata.

Arɗo bai leƙo ba sai ranar da za mu tafi, lokacin kumburin ya sauka har Malam na iya sa silifa. Ya zo yana jan jar akuyar. Ya tsaya gaban Malam ya ce, "Shekara talatin kana faɗa mani ciwon saniyata ko ba na son ji. Naka sai ka ɓoye mani." Malam ya roƙe shi ya yafe mashi. Arɗo bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya fidda wuƙa, gabana ya faɗi, sai na ga kunnen akuyar ya ɗan tsaga, ya yi mata shaida. Ya ce, "Wannan ta fita daga hannuna. Wadda ta riƙe igiyarta ita ke da ita. Za ta zauna cikin garke."

Muka kamo hanya a hankali. Ni dai tun daga Tagris nake shirya ƙaryar da zan yi wa ɗana, in ce taya ce ta fashe, in ce yashi ne ya riƙe mu. Mun makara kwana huɗu a wurin da waya ba ta shiga, na san zai zo. Muna isa kuwa muka same shi zaune a zaure. Ya gaishe mu, ya dubi silifar ubanshi, sannan ya juyo gare ni.

"Inna, ta kumbura?"

Na buɗe baki da taya a kan harshena. Malam ya riga ni. Ya ce, "Ta kumbura. Ni na ci nama, ba wanda ya ɗura mani." Ya sa hannu aljihu ya fiddo makulli ya ajiye a kan tabarma.

Na yi faɗa, na yi roƙo, na ce sau ɗaya ne cikin wata huɗu. Ɗana ya bari na gama, ya ce, "Inna, in a kan gudro, bisa kwalta, ƙafar ta kama shi, ga babbar mota a gaba, ke kuma kina ciki fa?" Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gaskiya ya faɗa. Ya ɗauki makullin, ya ce zai nemo mai saye.

Sati uku motar tana tsaye a ƙofar gida. Malam ya koma kujerarshi ta tsakar gida. Rana ta biyar ya ce mani wai kazar nan mai wake-wake ba ta dawo ba. Na shiga ɗaki na toshe bakina da zane. Amma ban daina shanya zogala ba, ban san ko taurin kai ba ne ko rashin abin yi.

Ranar kasuwa ɗana ya zo da mai saye, wani mai son ya cire gadon ya riƙa ɗaukar fasinja. Mutumin yana zagaya motar yana shurin tayoyi, sai muka ji sallama. Arɗo ne, da matarshi a baya ɗauke da gorar nono da ɗaurin cuku. Ya kawo shanu kasuwa, ya ji labarin sayar da motar a wurin mutane. Tunda suke da Malam bai taɓa taka gidanmu ba, sai ranar. Aka shimfiɗa tabarma a zaure. Ya yi gaisuwa irin tasu, ya tambayi gida, ya tambayi gajiya, ya tambayi ruwa, ya sake komawa farko, har mai sayen ya gaji ya ce zai je ya dawo. Ni da tsohuwar muna daga ciki, kunnuwanmu a bakin ƙofa.

Arɗo ya ce wa ɗana, "Ɗana, ka yi daidai, uba ba abin wasa ba ne. Amma ka ji nawa. Tun da suka bar wurina nake bin rijiyoyi. Daga Tagris har Rumbu, duk inda motar nan ke tsayawa, na kai magana ko na aika. Ba mai sake fidda wuƙa saboda Mai Allura. Nono za a ba shi da fura. Wanda ya miƙa mashi nama, da ni yake faɗa. Dabbobinmu ba su da wani mai zuwa inda muke sai shi."

Na leƙa na ga Malam ya sunkuyar da kai. Abin da ya ji tsoro ke nan, a san ciwonshi a ko'ina. Ga shi an sani, kuma maimakon su daina kiranshi, biyo shi suka yi har gida.

Ɗana ya ce, "Baba Arɗo, na gode. Rugage na yarda. Kasuwa fa? In ya saya a ɓoye, wa zai hana shi?"

Kafin kowa ya amsa, tsohuwar nan ta ɗaga murya daga bayan ƙofa. "Kai yaro! Ba a ba ka labarin uwarka ba?" Ashe ba wanda ya faɗa mashi. Ta kwashe duka ta zuba, da gyalen da ya faɗi, da mai wuƙa yana salati, da akuya tana cin zanena, har tana kwaikwayon muryata. Ina jan hannunta tana fizgewa. Sai na ji abin da na daɗe ban ji ba, ɗana yana dariya, irin wadda mutum ke ƙoƙarin dannewa ta ƙi.

Da ya natsu ya miƙe. Ya fiddo makullin, ya wuce ubanshi, ya shigo cikin gida ya durƙusa gabana ya sa mani shi a tafin hannu. Ya ce, "Inna, ke na ba. Ranar da kika ce ya isa, ya isa."

Makullin nan yana ƙulle a bakin zanena har yau. Mun ci gaba da zagayenmu, da tukunyar wake a kan inji da cuku a ƙarƙashin gado. Duk rugar da muka shiga ƙwaryar nono ke tarbarmu, wasu matan ma zuwa suke yi su ga wadda ta riƙe igiya. Ƙafar takan yi ɗan gunaguni in sanyi ya shigo, amma ba ta sake kwantar da shi ba. Na gode wa Allah, na gode wa Arɗo da ya taka rijiyoyi da tsufanshi, na gode wa ɗan da ya iya tsare magana ya kuma iya sassauta ta.

Zuwanmu Tagris na baya-bayan nan, jar akuyar ta yi haihuwa ta uku. Matar Arɗo ta tatso ta, ta dama fura da nonon, ta kawo mana bakin mota. Muna sha, akuyar tana gabanmu da ƴaƴanta biyu suna tsalle. Malam ya daɗe yana kallonta. Bai juyo ba ya ce, "Da kin cika alkawarin nan, da yanzu ina gida ina ƙirga kaji." Sannan ya ce, "Allah ya saka maki da alheri."

Tunda abin ya faru bai taɓa faɗa ba sai ranar. Na tura mashi ƙwaryata, don na ga tashi ta ƙare.